Sifili, Biyu, Taurari Uku

Ku tsaya ma tukuna, kafin in tura maku sikirif ɗin da kuke ta tambaya a zauren nan, sai kun ji labarin layi ɗaya tak da ya kusa cinye wa wata baiwar Allah aikin damina uku. Layi ɗaya fa. Ko kalma babu a cikinsa, sifili ne da biyu da taurari uku. Kuma ni na rubuta shi da hannuna, ko in ce ni na kwafo shi, domin a lokacin ban san abin da yake nufi ba, kuma ban san cewa ban sani ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, Nura ne, a nan Zuru nake. Babu wanda ya koya mani aikin nan. Da waya na fara, wata mai fasasshen gilashi, ina karanta darasi ina rubuta kod da biro a littafin makaranta, domin ba ni da inda zan gwada. Wata shida ina rubuta abin da ban taɓa ganin ya yi aiki ba. Ranar da na samu laftop ta hannu na kwashe duk abin da ke littafin na zuba mata, ko ɗaya bai tashi ba. Wasu har yau ban gane dalili ba. Shi ya sa in na ji wani ya ce ai sana'ar nan zama ce a inuwa ana danne-danne, sai in matsa masa in ce bismillah, zo ka zauna.

Sikirif, ga sababbin shiga, ɗan fayil ne da kake jera umarni a ciki, je can, ɗauko kaza, ajiye a nan. Ka kira sunansa sau ɗaya, kwamfuta ta bi umarnin ɗaya bayan ɗaya. Nawa guda uku ne da ba na rabuwa da su. Na farko na sa masa suna sabo. Duk kayan aikin da na taɓa saukewa daga intanet ba na gogewa, suna cikin wani faifai na waje da nake yawo da shi. In na samu sabuwar kwamfuta, ko tawa ta birkice na wanke ta, sai in jona faifan in ce sabo, kafin in gama cin tuwo ya girka komai, ban taɓa data ba. Masu koyarwa a bidiyo za su ce maka sauke kaza, minti biyu ne. Minti biyunsu a wurinmu yini ne, kana kan dutse kana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Na biyu sunansa tsira. Shi batir yake sa wa ido, da ya ga ya kusa ƙarewa sai ya adana duk abin da nake kai, ko ina so ko ba na so. Na yi shi ne bayan an ɗauke wuta wata rana ina tsakiyar aikin kwana biyu. Na ukun sunansa ajiye, aikinsa kwafe bayanai zuwa filash. Shi ne mai laifin. Ko kuwa ni ne. Ku dai saurara.

Aikin Anti Saratu shi ne na farko da wani ya jingina rayuwar aikinsa a kai. Malamar gona ce, ta yi ritaya amma ba ta ajiye sana'ar ba. Damina uku tana bin manoma a Dabai da Danko da Dirin Daji tana neman irin dawar da ƙuduji ba ya shanyewa, ciyawar nan mai furen kyau da ke kashe gona. Kowane iri ta ba shi lamba. Tana rubuta wa ya shuka, a wace irin ƙasa, dami nawa ya samu, ƙudujin ya fito ko bai fito ba. Duk a littattafan makaranta take yi, sai gara ta shiga ɗakin ajiyarta ta fara da na damina ta farko. Shi ne aka yi mata kwatancena.

Na je gidanta na samu mijinta zaune a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Tsohon soja ne, kowa Saje yake ce masa. Tun ranar ya sa mani Injiniya, kuma ba don girmamawa ba.

Na yi mata wata 'yar manhaja mai sauƙi, ba ta buƙatar intanet, ta buɗe ta cika gurabe ta danna. Sati uku tana zuba abin da ke littattafan. Da ta gama ta kira ni.

Ta ce, "Nura, ka ce abin nan ba ya ɓata?"

Na ce, "Ba ya ɓata, Anti."

"Gara fa?"

"Gara ba ta cin lantarki."

Saje ya ce daga gindin mangwaro, "Injiniya, ni dai tsawon zamana a soja ban ga abin da ba ya ɓata ba. Har tankar yaƙi na ga ta tsaya a hanya ana tura ta."

Na ce ai shi ya sa na kawo filash. Na nuna mata, na ce kullum ta riƙa jona shi, kwamfutar za ta kwafe komai da kanta, ba sai ta danna komai ba. Na ma cire mata kalmar sirri domin tana mantawa. Ta kafa doka a gabana, ta ce wannan kwamfuta ba ta wasa ba ce, duk wanda ya taɓa ta to ita da shi. Tana faɗa tana kallon gindin mangwaro. Saje ya ce shi me zai yi da ita, wayarsa mai maɓalli ma ba ta gama yi masa biyayya ba. Ragowar littattafan kuwa, na ce mata ta huta da su. Ta bar wa gara.

To ga inda layin ya shigo. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan agogo, kuron ake ce masa. Kana ba shi lokaci da sunan sikirif, in lokacin ya yi sai ya tada shi. Gurbi biyar ake cikawa, da lamba ko da tauraro. Na ga wani a bidiyo ya rubuta 0 2 * * * ya ce haka kowa ke yi wa ajiya. Turancinsa na gudu, sabis na yankewa, ni kuwa na ga biyu, na ce to, duk bayan awa biyu ke nan. Na kwafa. Na kira ajiye da hannuna don gwaji, ya kwafe tsaf, fayil ya fito a filash da kwanan watan ranar. Na nuna wa Anti, ta yi mani addu'a, ta ba ni ƙullin gyaɗa.

Kuma ta bi umarni, Allah ya sani. Kullum da la'asar in ta dawo, sai ta jona kwamfutar a sola, ta sa filash, ta bar shi awa guda wai ya sha ya ƙoshi. Kafin magariba ta kashe, ta sa kwamfutar a jaka, filash kuma a gwangwanin allura da zare.

Wata takwas abu ɗaya kawai ta yi ta kawo mani ƙara. Batir. Za ta cika shi da yamma, wata rana da safe sai ta tarar babu ko ɗigo. Ba kullum ba. Sai a yi sati uku lafiya, sai ya sake. Na duba duk abin da na san ana dubawa. Na kashe wannan, na cire wancan, na ce mata zafi ne, da aka shiga sanyi na ce mata sanyi ne. Har na kai kwamfutar ɗakina ta kwana uku, batir bai motsa ba. Na mayar, bayan sati biyu ya sake shanyewa. Na rasa gane kansa, sai na ce mata batir ɗin ne ya tsufa. Saje ya ce ai shi ma abin da ya gani ke nan.

Ranar wata Litinin, bayan ruwan farko ya sauka, tana dawowa daga Dirin Daji a kan kabu-kabu, suka zo tsallake wata ƙorama, taya ta zame. Ita ta samu ƙujewa a gwiwa. Jakar ta bugi dutse ta faɗa ruwa. Da ta iso gida ta shanya kwamfutar a rana kamar kuɓewa, sannan ta kunna. Sai da ta ƙi tashi ta kira ni.

Ranar Asabar ɗin satin kuwa manoma za su taru a Dabai ta faɗa masu wane iri za a raba a yawaita bana, wanne za a bari. Damina ba ta jiran kowa. In ba ta faɗa ba, kowa zai shuka abin da ya samu, aikin shekara uku ya bi ruwa.

Na kai kwamfutar kasuwa wurin Malam Sani mai gyara, mutumin yamma ne, ba ya ɓata baki. Ya cire faifan ya jona a tasa, ya kara a kunnena.

Ya ce, "Ka jiya? Ƙas, ƙas. In faifai ya fara wanga kuka, sai dai a yi mai addu'a. Mi anka aje ciki?"

Na ce aikin damina uku.

"Kuna da kwafi?"

Na yi murmushi. Wallahi har da murmushi. Na ce, "Malam Sani, da wa kake magana? Duk bayan awa biyu ake kwafa."

Talata da hantsi na je gidan da tawa laftop. Muka zauna a gindin mangwaro, Anti ta miƙe ƙafar da ta ƙuje, ta buɗe gwangwani ta ba ni filash. Na jona. A lissafina zan ga fayil sama da ɗari biyu, na kowace rana ɗaya.

Takwas na gani.

Ɗaya na ranar da na yi gwaji. Bakwai kuma a warwatse, biyu a wata ɗaya, sai tsalle, sai ɗaya, sai huɗu kusa da juna. Na ƙarshen sati biyar ke nan da yin sa. Na cire filash na hura masa iska na mayar. Takwas. Da a ce babu ko ɗaya, da na gane, sai in ce sikirif ɗin ne bai yi aiki ba. Da a ce duka suna nan, shi ke nan. Amma bakwai? Wane irin abu ne ke aiki sau bakwai a wata takwas?

Anti ta ce, "Lafiya ka yi shiru?"

Na ce, "Anti, kin tabbata kullum kina jonawa?"

Ta nuna Saje, ta ce, "Ka tambayi Baban Ladi. Ko ranar da aka yi rasuwa a maƙwabta sai da na jona kafin in fita."

Na karanta mata ranakun ko za ta tuna wani abu. Muka gwada ko ranakun kasuwa ne, ba su ba ne. Ko Lahadi ne, guda ɗaya ce kawai ta faɗa Lahadi. Na ce ko ranakun da rana ta yi ƙarfi ne sola ta cika. Ta ce a watan Maris wace rana ce ba ta da ƙarfi. Na buɗe sikirif ɗin na karanta shi layi-layi sau huɗu, babu abin da na gani. Na kira shi da hannu, ya yi aiki a gabanmu, kamar yana yi mani dariya.

Sai na lura da wata folda a cikin filash ɗin wadda ba ni na yi ta ba. Ba ta da suna, lambobi ne kawai, kuma ta cinye fiye da rabin wurin.

Saje ya leƙo ta kafaɗata. Ya ce, "Injiniya, wannan ai cutar kwamfuta ce. Na ji ana faɗa a rediyo. Goge ta kawai."

Na ce bari in duba tukuna.

"Me za ka duba a cikin cuta? Goge, kada ta kama taka."

Ban goge ba, ba don wayo ba, tsoron taɓa komai nake yi. Garin dube-dube na danna inda ke nuna lokacin da aka yi kowane fayil, ba kwanan wata kaɗai ba. Na gwajin, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na yamma. Sauran bakwai ɗin kuwa, duka, ƙarfe biyu daidai. Na dare.

Na buɗe bayanin kuron da ke cikin kwamfutata, wanda yake nan tun ranar farko ban taɓa karantawa ba. Gurbi na farko minti ne. Na biyu awa ce ta yini. Sifili da biyu, ƙarfe biyun dare ke nan, sau ɗaya a rana. Mutumin bidiyon bai yi ƙarya ba. A can inda yake, injinansu ba sa barci, wuta ba ta tafiya, sai su zaɓi lokacin da kowa ya kwanta. Ni kuma na ɗauko lokacinsu na ba kwamfutar da ake kashewa tun kafin kaji su shiga akurki. Wata takwas Anti na jona filash da la'asar tana jira ya ƙoshi, ba abin da ke shiga.

Na yi mata bayani yadda zan iya. Ta saurara har na gama. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

Ta ce, "To na ji. Ka sa mai gadi aikin dare, ni kuma ina kulle shi a jaka. Bakwai ɗin nan fa? Wa ke buɗe masa?"

Na ce nan ne ni ma na tsaya. Dole sai kwamfutar na kunne, kuma filash na jiki, ƙarfe biyun dare.

"Ni ƙarfe biyu ina barci."

Saje ya miƙe ya ce bari ya duba awaki, kamar ya ji ɗaya na kuka.

Na buɗe foldar nan mai lambobi. Bidiyo ne cike. Na danna na farko, sai kiɗa ya cika tsakar gidan, ga fili, ga ƙura, ga ƙarti biyu sun sunkuya sun riƙe juna. Kokawa.

Anti ba ta ko juya ba. Ta ce, "Baban Ladi. Bar awakin nan, ba su yi komai ba. Zo ka zauna."

Ya dawo ya zauna a bakin benci, ya ɗora hannu biyu a gwiwa. Ya ce shi tun yana aiki jikinsa ya saba, ƙarfe ɗaya na yi idonsa ke buɗewa, ko da gadi ko babu. Wata rana ya ga masu tura bidiyo a kasuwa suna nuna kokawar da aka yi a garinsu, ga shi wayarsa ba ta nuna hoto. Sai ya ari filash daga gwangwani ya kai aka zuba masa, ya mayar kafin la'asar. In barci ya ƙi, wani lokaci, ba kullum ba, sai ya ɗauki jakar ya shiga ɗakin hatsi ya rage sauti.

"Har batir ya ƙare," in ji Anti.

"Wani lokaci."

"Ka zauna a nan kana ji yaron nan na ce mani batir ya tsufa."

"Ai ya tsufa ɗin ma."

Na jona faifaina na ce sabo, na girka manhajarta a tawa laftop, na zuba kwafin ƙarshe. Sai ga sunayen manoma sun fito a jere. Damina biyu na farko cif. Ta uku ma, Dabai da Danko duk suna nan. Abin da babu shi ne na Dirin Daji, mutum goma sha ɗaya, domin a sati biyar ɗin nan ta bi su.

Laraba da Alhamis muka koma can, ita da ɗingishinta, ni da laftop a cikin leda biyu. Tara sun tuna dami nawa suka samu daga kowace lamba, wasu ma zangarniyar irin na rataye a madafa da ƙyallen da ta ɗaura. Biyu ba su tuna ba. Ɗaya ya ce ai ya faɗa mata, kuma ya ga ta danna a na'ura, me zai sa ya ci gaba da riƙewa a ka. Shi ne mai lamba goma sha huɗu, irin da ta fi sa wa rai, kuma ya riga ya haɗe hatsinsa a rumbu ɗaya. Ranar Asabar ta tsaya a Dabai ta faɗi iri uku da za a raba. Sha huɗu ba ya ciki. Ta ce ba za ta ba mutane abin da ba ta da shaidarsa ba, sai an sake gwada shi wata damina. Shekara guda ke nan, saboda gurbi ɗaya da ban karanta ba.

Yanzu ajiye ba ruwansa da agogo. Da an jona filash yake tashi, in ya gama ya rubuta a allo da Hausa, an kwafa, yau rana kaza. In aka kwana uku ba a kwafa ba, manhajar sai ta yi ja ta ƙi buɗewa. Kuma na daina yarda da gwajin hannu. In ka ce abu zai yi da kansa, to ka tafi gida, ka dawo gobe ka gani ko ya yi. Shi zan tura maku, amma don Allah ku karanta kowane layi kafin ku sa wa wani.

Ranar da na kai mata wata kwamfutar na girka, na tarar ta sayi filash biyu. Ɗaya na gwangwani. Ɗayan ta miƙa wa Saje, ta ce nasa ne, kuma in zai kalla ya kalla a tsakar gida kamar mutum. Har ya fara godiya sai ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Abu ɗaya ne ban gane ba. Wata bakwai kana sata kana kallo. Me ya sa ka daina a daidai sati biyar ɗin da nake Dirin Daji?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Azumi ne ya kama, na kafin Ista. Na ce bana dai bari in tuba in bar ɓoye maki abu."

Ta ce, "Shekara talatin ina roƙon Allah ya shirye ka. Sai da na je Dirin Daji ya amsa."

To ni har yau ban san inda zan ajiye wannan ba. Wanda ya bi umarnina bai samu komai ba, wanda ya karya doka shi ya cece mu, kuma da ya tuba muka yi asara. Ku fa? Wane layi kuka taɓa kwafowa daga wurin mutanen da wutarsu ba ta tafiya, kuka sa wa namu injin? Ku faɗa mani a ƙasa, kuma wanda bai duba filash ɗinsa ba tun da ya girka, ya je ya duba kafin ya ba ni amsa.